Ranar da Na Faskara Kiryar Kaka

Na karanta littattafan tarihi daidai gwargwado, na koyar da wasunsu har alli ya cinye mini yatsu, kuma abin da na tsinta a ƙarshe shi ne 'yan Adam kashi biyu ne kacal: masu faskara busasshen itace, da masu barinsa gungume. Duk sauran rabe-raben da masana ke yi, na sarakuna da talakawa, na makiyaya da manoma, rassa ne. Wannan shi ne gindin. Mai faskarawa yana son wutarsa yanzu, da harshe da ƙara, a dafa a ci a tashi. Mai barin gungume kuwa hankalinsa yana kan safiyar da ba ta waye ba tukuna. Ni na zauna a ɓangarorin biyu. Ƙaurata daga na farko zuwa na biyu ta faru ne cikin mako guda na damina, a ƙauyenmu da ke tsakanin Isa da Tozai, zamanin Turawa na mulki, ina saurayi mai gashin baki bai fi silli uku ba, da ilimin da ya fi ƙarfin kaina.

Yau jikokina sai su murɗa wani ɗan maɓalli a jikin tukunyar gas, wuta ta fito shuɗiya, ba hayaƙi, ba gaisuwa, su murɗa ta koma inda ta fito. Ba su san wuta a matsayin mai rai ba. Mu a lokacinmu wuta 'yar gida ce: ana ciyar da ita, ana lulluɓe ta da toka ta kwana, ana tashinta da safe da hurawa kamar yadda ake tashin tsoho, a hankali. Ina iya rufe ido yanzu in ji safiyar ƙauyenmu. Zakara, sannan ladan, sannan gugan rijiya yana bugun bango, sannan tafin ƙafar mata a kan yashi, kowace da katangar fasasshiyar tukunya a hannu, sun nufo gidanmu. Daga bakin zaure za ka ji: "Salamu alaikum, Inna, mun zo ɗibar wuta." Kaka, mahaifiyar babana, ba ta taɓa tambayar kowa dalili ba. Sai ta kauda toka da ɗan tsinke, ta ɓanɓaro garwashi daga bakin gungumenta, ta zuba a katanga, ta bi mai ɗiba da tsiya: "Ke da miji da ɗiya huɗu, ki kasa kwana da wuta! Mi kika iya, in ba barci ba?" Mai ɗiba ta yi dariya ta tafi tana kāre garwashin da tafin hannu.

Wutar Kaka ba ta taɓa mutuwa ba. Haka duk ƙauye ke faɗi, haka ita ma take faɗi, ba tare da ɗaga murya ba, kamar mai cewa gulbi yana gangarawa yamma. Ta gaje ta wurin uwar mijinta, ita kuma wurin tata uwar mijin, wadda aka ce ta ɗauko ta a cikin kasko daga Alkalawa, tsohon birnin Gobir, lokacin da mutane suka watse, ta yi ta yawo da ita har suka sami wurin zama. Ba wai ba a iya yin sabuwa ba. Kowane magidanci yana da ƙyastu da ɗan audugar rimi a jakarsa. Amma sabuwar wuta baƙuwa ce, ba ta san kowa ba. Amaryar da za a kai wani gari daga unguwarmu, sai an ɗebar mata daga murhun Kaka ta fara girki da ita. Ni da na shiga makaranta na zauna na lissafa shekarun, na ga abin ya yi wa hankali yawa. Ban dai faɗa ba. Ko ɗan boko ya san akwai lissafin da ake barin sa a cikin allo.

Asirin abin ba wani asiri ba ne: kirya ce. Wanda bai san kirya ba, itace ne mai taurin kai, gara ba ta cinsa, gatari yana jin tsoronsa, da shi ake taɓarya, da gawayinsa maƙera ke narka ƙarfe. A lokacin dajin da ke bayan Turba cike yake da ita. Yau sai ka yi tafiyar wuni a kan babur ba ka ga ɗaya ba. Kowace bazara babana yakan ɗauko wa Kaka gungume uku busassu a kan jakai, masu kaurin cinyar raƙumi, a jingine su cikin madafa inda ruwa ba ya kaiwa. Ɗaya a kwantar, kansa a cikin murhu. Ba ya yin harshe. Ci yake a ɓoye, ja a ciki, fari a waje, kullum Kaka ta tura shi gaba da ƙafa kamar faɗin yatsa biyu. Girki kuwa da ƙirare da kara ake yi, a tsokano daga jikinsa. Gungume uku, damina ta wuce.

Ni kuwa na dawo hutu daga makarantar midil ta Sakkwato da sabon addini game da wuta. Wani Bature malaminmu ya kunna kyandir ya kifa masa kwalba, muna kallo ya suma ya mutu, ya ce mana wuta iska take ci, itace mahaɗi ne kawai; in ka raba icce gida huɗu ka buɗe wa iska ƙofa huɗu. Na kuma ga hujja da idona a barikin Isa, inda Di'o, Baturen mulki, ke sauka in ya fito rangadi. Akwai murhun ƙarfe a can, baƙi, mai ƙafa huɗu da 'yar ƙofa da bututun hayaƙi, bakinsa ba ya karɓar komai sai faskare. Ƙauyuka ne ke kai itacen a ka, kuma na ga kukun Di'o ya mayar da mutanen gari guda da kayansu don sun kawo shi gungume. Daga nan na yanke hukunci: al'ummar da ta ci gaba ita ce mai faskara itacenta. Na ɗauko wannan hukunci tare da akwatina na kawo gida.

Na tarar matar yayana ta haihu, kwana uku. Mai jego a wurinmu sai ta yi wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, babbar tukunya guda kowane karo, kuma miji ne ke tara itacen tun ciki yana ƙarami. Yayana ya tara, ba laifi, amma a fili ya jibge shi, sai marka ta sauka, irin ruwan nan da ba ya tsawa ba ya fushi, sai dai ya yi ta zuba kamar mai bin umarni. Itacen ya sha ya ƙoshi. Mata suna hura wuta tun hantsi, idanu sun yi ja, hayaƙi ya cika gida, ruwa ya ƙi ko da motsi, mai jego tana zaune tana rawar ɗari. Ni kuwa ga gungume biyu na kirya a jingine cikin madafa, busassu ƙayau, na ukun da ke murhu saura kamar kamu ɗaya.

Na sami Kaka tana kaɗi a bakin ƙofa. Tsakanina da ita akwai wasan jika da kaka. Angonta take ce mini.

Na ce, "Kaka, ga magani a jingine kuna wahala. A faskara kiryar nan, ruwa ya tafasa kafin ki gama wannan mazarin."

Ba ta ɗago ba. "Angona, ɗanye aka faskarawa, don shi bushe. Wanga ya riga ya sauke karatunai. Mi za ka ƙara mai?"

"Iska za ni ƙara masa. Wuta iska take ci."

"Iska? To ga ta nan cike da gari, kyauta. Ka ce mata ta dahwa muna tuwo."

Matan da ke wurin suka fashe da dariya. Na ɗaure fuska na yi bayanin kyandir da kwalba, na kawo murhun bariki, na kawo kuku. Ta saurara har na gama, don Kaka ba ta katse mutum. Ta fi son ya gama rataye kansa.

"Shi Nasaran naka, kwana nawa shika yi ga bariki?"

"Biyu, ko uku."

"To. Baƙo na. Baƙo shi ka faskare, shi ci shi wuce. Mu nan muke kwana." Ta murza mazari a cinya. "Kak ka taɓa min icce. Mai jego a zaro mata tsohuwar zana a ƙona."

Da maganar ta tsaya nan. Amma washegari aka zo kiran Kaka daga wata ruga a hayin fadama, don ita ce ungozoma, kuma ruwa ya tsare ta can kwana biyu. Na je wurin babana da hujjojina. Yana gyaran ƙotar hauya, ya ce shi ba ya shiga tsakanin mutum da matarsa. Na ɗauki wannan a matsayin izini, ko da yake na san ba izini ba ne.

Wanda bai taɓa sa wa busasshiyar kirya gatari ba, bai san abin da ake kira a ƙi mutum ba. Saran farko gatarin ya dawo mini kamar na bugi dutse, ƙarar ta yi tsalle har bayan gari. Na wuni. Na nemo turaku na ƙarfe wurin maƙwabci, na kafa a tsaga, na buga da taɓarya. Tafin hannuna na ɗan makaranta ya yi bororo, bororon ya fashe. Amma da gungumen farko ya buɗe, sai na tsaya da gatari a hannu. Cikinsa ja ne mai duhu kamar hanta, da layi-layi a jere sun fi a ƙirga, da wani ƙamshi mai ɗaci da ya kwana a rufe tun kafin a haifi babana. Na ji kamar na buɗe ɗakin da ba a ba ni izinin shiga ba. Sai dai na riga na fara, kuma saurayi ya fi tsoron a ce ya kasa da a ce ya yi ɓarna. Kafin la'asar na biyun ma ya zama tsibi.

A nan dole in yi wa Baturen adalci: gaskiya ya faɗa. Faskaren nan ya kama da wani irin gurnani da ban taɓa ji a gidanmu ba. Harshen wuta ya lashi tukunya har wuya, ruwa ya tafasa kafin a gama tsinko ganyen wanka. Mai jego ta yi wanka ta yi gumi ta sa mini albarka. Yayana ya ce ashe kuɗin tawada bai tafi banza ba. Mata suka riƙa leƙowa ta katanga suna kallon wutar ɗan boko. Kwana biyu na yi ina tafiya kamar alƙali.

Kaka ta dawo da kabidon kaba na tare ruwa a ka, ƙafafu duk laka. Ta tsaya a ƙofar madafa ta dubi inda gungumenta biyu suke jingine da, ta dubi tsibin da ya riga ya ragu da rabi, ta dubi hannuwana da ke ɗaure da tsumma. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsa. Ba ta yi ba.

"Sannu da aiki, malam," in ji ta. Ranar ce ta fara ce mini malam, kuma ban taɓa jin kalmar ta yi nauyi haka ba, ko bayan da na zama shi. "Ka yanka saniyar tatsa. To, a ci nama."

Aka ci kuwa. Faskare ba ya jira. Abin da zai kai mu lokacin kaka ya tafi cikin kwana biyar. Guntun da ke murhu shi ma zafin ya haɗa da shi ya cinye. Marka ba ta ɗaga ba. Kaka ta koma tattalin garwashi kamar mai jinyar jariri: ta tara su wuri ɗaya, ta rufe da toka, ta kifa kasko, ta nemi busasshen kashin shanu duk ƙauye babu. Amma garwashin faskare ƙanana ne, ba su da ciki. Ni kuwa na daina cin abinci da yawa, kamar hakan zai taimaka.

Safiya ta bakwai, bayan an fito masallaci, na tarar da mata huɗu a ƙofar madafa da katangunsu, ruwa yana ɗiga daga gefen zannuwansu. Kaka ta durƙusa ta ɗaga kasko. Ta kauda toka da tsinke. Ta ƙara kaudawa. Sannan ta ajiye tsinken, ta tura hannunta tsirara cikin tokar har wuyan hannu, ta bar shi can. Na yi shekaru ina karanta yadda dauloli suka faɗi, ban taɓa samun marubucin da ya kama shirun da ya sauka a madafar nan ba. Ba a jin komai sai ruwa a kan ciyawar rufi. Ta zaro hannun fari fat, ta dube shi.

Babana ya zo da jakarsa ya fito da ƙyastu. Ta ce, "Ka ƙyasta ma mai jego can waje, ban hana ba. Amma ba ga murhuna ba."

Sai ta juya ga matan. "Ke, taki hwa?"

"Ta mutu tun jiya, Inna. Da ke munka dogara."

"Ke?"

"Ɗaki ya yi yoyo, Inna."

Haka duka huɗun. Aka aika gida-gida, amsa ɗaya: kowa ya saki tasa don ya san ta Kaka tana nan. Sai tsohuwar nan ta zauna a kan turmi, ta rufe ido, ta fara jero inda wutarta ta tafi, kamar maroƙi yana jero asalin sarauta. Wance ta kai ta Turba shekarar fari. Wance ta kai ta Bafarawa, amma wannan malalaciya ce, ba a sa rai. Ɗiyar wane ta haye da ita Sabon Birni. Wani falke ya ɗiba zai tafi ƙasar Faransa, can hayin iyaka. Gida bayan gida, aure bayan aure, har da waɗanda suka mutu. Ina tsaye ina jin yadda murhu ɗaya mai duwatsu uku ya bazu a ƙasar Gobir kamar jijiyar gawo, ni kuwa na sa masa gatari saboda kyandir. Can ta buɗe ido.

"Maƙeri. Farkon ruwa ya aiko ɗiyatai ta ɗiba, da za shi buɗe maƙera. Shi gawayin kirya garai, ba shi barin ta mutu." Ta nuna ni da hannun tokar. "Kai ka kashe uwa. Tai ka ɗauko min ɗiya."

Maƙerin yana hayin rafi, tafiyar da a rani ba ta kai a sha gumi ba. Ranar rafin ya kawo har ƙirji. Na tafi da katanga da kasko da kabidon Kaka. Na tarar da shi a rumfarsa, tsoho mai ƙona-ƙonan hannu, yana buga zugazugi, wuta tana numfashi ja a gabansa. Ban taɓa ganin abin da ya kai ta kyau ba, har yau.

Na gaishe shi na ce, "Baba, wutar Kaka ta mutu. Ni na kashe ta. Ta ce wadda ke wurinka ɗiyar tata ce, in ɗauko."

Ya daina zuga. Ya dube ni, ya dubi wutar.

"Kai na ɗan bokon da ya faskara kirya? Mun ji saranka har nan, mun ce ko Nasara ya kawo injin." Ya zaɓo manyan garwashi uku da awartaki ya sa mini, ya ƙara da dunƙulen gawayi, ya kuma nuna wani guntun gungume a gefe ya ce yayana ya zo ya ɗauka in rafi ya faɗa. "Riƙe da kyau. Ka gaishe ta."

Na haye rafin da hannu biyu a sama, katanga a kan kaina, kasko a kife, kabido a kan kaskon ba a kaina ba. Ruwa yana jan ƙafafuna, zafi yana cin bororon hannuna, ina karanta duk abin da na haddace, na allo da na boko. Da na shigo gari mata suka biyo ni a baya. Kaka ta karɓa ta zuba a murhu, ta sunkuya ta hura sau uku. Da ƙirare suka kama sai ta ce, ba da ni take ba, da wutar take: "Kin yi yawo. Sannu da zuwa." Sannan ta cika katangun matan ɗaya bayan ɗaya, ta bi kowace da tsiyarta kamar kullum. Ni sai da aka kwana uku ta sake ce mini angona.

Tun daga ranar, in aka tambaye ni ko a faskara busasshen icce, nakan ce a faskara na yau, a bar na gobe, kuma kada mai gatari ya zama shi ne mai yanke hukunci, don gatari in ya shiga hannu komai sai ya yi kama da abin sara. Kaka ta ƙara shekaru da dama tana tura gungume da ƙafa, tana ɗebar wa amare wutar Alkalawa, kuma labarin hayewata ya shiga cikin jerin: ɗiyar da ta dawo ta rayar da gidan uwarta. Har ta rasu ba ta bari ta sake mutuwa ba.

Bayan rasuwarta, ina koyarwa a Isa, na gamu da maƙerin a kasuwar Bafarawa, ya tsufa ƙwarai, jikansa ke sayar masa da lauje. Muka yi mata addu'a. Na ce masa har gobe ina jin nauyin alherin da ya yi mana, da ya riƙe wutar nan da rai duk tsawon markar. Ya ce a'a, tasa ma ruwa ya kashe ta tun kwana na biyu. Wadda na ɗauka, da safiyar nan ya kunna ta, da ashanar Faransa da wani falke ya kawo masa daga Maraɗi.